Matattun Fitilun Wofa Amankwa

Ranar da dangi suka zura ƙafafun Oduro cikin takalman kawunsa, takalman sun yi masa yawa, har mata suka yi dariya da hawaye a fuskokinsu. A al'adarsu, idan namiji ya mutu ɗan 'yar'uwarsa ne ke gadonsa, kuma ba dukiya kaɗai yake gada ba, har da suna da nauyi da duk wata magana da mamacin ya bari a buɗe. Nana Ntiamoa, shugaban dangi, ya zuba barasa a ƙasa, ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce daga yau Wofa Amankwa, wato Kawu Amankwa a yarensu, bai mutu ba, fuska kawai ya canza.

Oduro yana da shekara ashirin da takwas. Malami ne a makarantar koyon sana'a a Sunyani, yana da ɗaki mai taga biyu da budurwa mai suna Afrakoma wadda ta riga ta zaɓi labulen da za ta rataya a tagogin. Ba wanda ya tambaye shi ko yana son gadon. Tambayar ma kanta cin fuska ce.

Shekara talatin Wofa Amankwa ya yi yana shigo da dogayen fitilun lantarki daga ƙetare, fararen nan masu kama da sandar alli da ake kafawa a rufin azuzuwa da asibitoci da coci-coci. A wutsiyar kowace fitila akwai sunansa da shuɗin rubutu. Yakan ce duk wanda ya ɗaga kai sama a Kumasi, bayan Allah shi yake gani. Shagonsa yana unguwar Adum a cikin garin, a bayan shagon kuma akwai sito mai tsawo wanda ba kowa yake bari ya leƙa ba. Bayan an binne shi dangi suka sa aka buɗe siton, suka tsaya a bakin ƙofa, suka ga kwalaye tun daga ƙasa har rufi, a jere, a ɗaure, kowanne da sunansa a jiki. Anti Gyamfua, ƙanwar mahaifiyar Oduro, ta dafa ƙirji ta ce ashe mutumin nan a kan dutsen arziki yake zaune yana cin dokunu, tuwon masarar nan mai araha, da busasshen kifi. Nana ya sa ranar rabo: Lahadi ta uku, bayan an taso daga coci. Ya damƙa wa Oduro makulli, ya tuna masa abin da kowa ya sani, cewa kafin ranar rabo ko tsinke ba ya fita daga kayan mamaci. Wanda ya fitar ɓarawon dangi ne, ko da kuwa magaji ne.

Washegari da hantsi Oduro ya shiga siton shi kaɗai. Ya sauko da kwali ɗaya, ya yanke igiya, ya zaro fitila daga rigarta ta takarda. Bakinta biyu sun yi baƙi ƙirin, kamar an kara su a kan kyandir. Ya zaro wata, ita ma haka. Ya kai su shago, inda akwai allon gwaji da ake ɗora fitila a kunna ta a gaban mai saye, ya ɗora, ya danna. Shiru. Ya koma ya sauko da kwali daga wani ɓangare, sannan daga wani, har gumi ya jiƙa masa riga. Can wajen azahar ya zauna a kan kwali a tsakiyar siton, ya ɗaga kai ya dubi bangayen da suka kewaye shi. Sabbin fitilun da ke gidan duka ba su wuce abin da ke kan kantar shago ba. Sauran, dubbai a kan dubbai, matattu ne, an goge su, an mai da kowace rigarta, an kwantar da su kamar yadda ake kwantar da wanda ake ƙauna.

Bai fahimci dalili ba sai da Madam Boatemaa ta zo bayan kwana biyu. Ma'aikaciyar hukumar kula da muhalli ce, gajeriya, mai tabarau da igiya a wuya. Ta yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, ta sha ruwan da ya ba ta, sannan ta buɗe jaka.

"Yanzu kai ne mai ƙera waɗannan fitilun," ta ce.

"Madam, mu ba ma ƙera komai. Ko ashana ba a ƙerawa a gidan nan. Daga ƙetare ake kawo su."

"A wurin doka, wanda ya shigo da fitila ƙasar nan ya buga sunansa a kanta, shi ne mai ƙera ta. Abu uku ne a kansa. Idan ta mutu aka dawo masa da ita, ya karɓa. Ya adana ta ba tare da ta fashe ba. Sannan ya kai ta wurin da aka amince a sake sarrafa ta, ya karɓo takarda. Kawunka ya yi na ɗaya da na biyu fiye da duk wanda na sani a kasuwar nan. Wasu cikin kwata suke zubawa idan ruwa ya zo. Shi ko tsohuwa ce ta kawo guda ɗaya a hammata, sai ya karɓa ya yi mata godiya." Ta gyara tabarau. "Na ukun ne ya yi shekara tara yana ce mini wata mai zuwa."

"Me ya hana shi?"

"Wurin yana Tema, can bakin teku. Kuma ina jin bai so a ga manyan motoci sun tsaya a ƙofarsa suna kwasar gawa. Tun da ƙananan fitilun zamani suka fito ba mai sayen dogaye, kai ma ka sani. Muddin sito a cike yake, shi babban mutum ne."

Ta bayyana masa abin da ke cikin kowace fitila: ɗigon zaiba, ƙarami kamar kan allura, da farin gari. Muddin gilashin yana nan lafiya, ba komai. Idan ya fashe, zaibar ta zama tururi marar wari, ta shiga huhu, ta zauna a jini, ta fi kuma cutar da yara da masu ciki. Guda ɗaya ba tashin hankali ba ce. Kwali goma a bayan gida inda yara ke wasa, wata magana ce.

"Ina ba ka wata guda," ta ce. "Su isa Tema lafiyarsu ƙalau, dukkansu, ka kawo mini takarda. Na san adadin da ke nan, kawunka da kansa ya sa hannu. Idan suka watse cikin gari, kai za a tambaya, gaban alƙali."

"To bayan an kai su, na fita?"

Ta dube shi da wani irin tausayi da bai so ba. "Akwai wasu a rufin makarantu har yanzu suna ci. Za su mutu, za a kawo maka. Sai ta ƙarshe mai wannan sunan ta mutu."

Bayan ta tafi Oduro ya tsaya a ƙofar sito da makulli a hannu. Doka ta ce ya kwashe. Al'ada ta ce kada ya taɓa kafin ranar rabo. Ranar rabo kuwa kwalayen za su hau kawuna da bayan tasi su bazu gidaje goma sha huɗu, daga unguwar Bantama har ƙauye. Ya ji kamar an sa shi a lungu an gina bango gaba da baya, aka bar masa sama kawai ya riƙa kallo.

Afrakoma ta zo ranar Asabar daga Sunyani, inda take aikin ungozoma. Ta iso da tsakar rana ɗauke da wake da shinkafa a ganye, ta tsaya a ƙofar shago ta rusuna har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, attajirin Adum. An ce yanzu sai da izini ake ganinka. Ka tuna da ni kuwa? Ni ce yarinyar nan da kake aron gishiri a wurinta."

"Afra, zo ki gani."

Ya kai ta sito, ya zaro mata fitila uku. Ta san abin da baƙin baki yake nufi, don a ɗakin haihuwarsu ma akwai irinsu. Ya gaya mata komai. Murmushin ya bar fuskarta a hankali, shi kuwa ya tsaya yana kallon yadda hasken ƙofa ya kwanta a gefen wuyanta, yana jin cewa da za a ba shi zaɓi tsakanin duk abin da kawunsa ya taɓa mallaka da wannan ɗan gefen wuya, da ba zai ɓata daƙiƙa ba. Amma ba wanda ya ba shi zaɓi.

"Wa da wa za a ba?" ta tambaya.

"Kowa. Anti Gyamfua ta riga ta share ɗakin da jikokinta ke kwana, a nan za ta jibge nata. 'Yar'uwata Akosua ma an ce za ta samu."

"Akosua mai cikin wata shida?"

"Ita."

Afrakoma ta mai da fitilar rigarta da hannu biyu, kamar mai naɗe jariri. "To me kake jira? Bakinka ne ya yi nauyi ko takalman?"

"Ki gaya wa dangi cewa mutumin da aka yi kwana uku ana kiɗa a makokinsa bai bar komai ba sai shara? Kin san abin da ake cewa idan magaji ya ce babu komai."

"Na sani. Ana cewa ya cinye." Ta buɗe ganyen abincin ta tura masa. "Ci. Ɓarawo ma da ƙarfinsa yake sata."

Ya fara da mahaifiyarsa. Maame Pokua tana tsakar gida da baƙin zanenta na makoki, tana juya fufu a turmi wata 'yar'uwa tana daka. Ya jira aka gama, ya ja kujera kusa da ita, ya faɗi maganar da murya ƙasa-ƙasa. Ba ta daina shafa fufun da ruwa ba. Da ya gama ta tsame hannu daga turmin.

"Ka ɗauka ban sani ba?" ta ce. "Ni da shi ciki ɗaya muka fito. Shekara biyar ina ganin takalminsa na coci bai canza ba."

"To Maame, ki taya ni gaya wa Nana."

"A gaban mutane? A gaban surukai, da matar da ya saka, da 'ya'yan Gyamfua masu baki kamar rediyo? Kafin magariba duk Adum ta ji cewa Amankwa tsince-tsince yake yi." Ta ɗago ta dube shi. "Ka bari a raba. Kowa ya kai nasa gida, ya buɗe, ya gani. Ba wanda zai faɗa, don kowa zai zaci shi kaɗai aka cuta, ko kuma ya ji kunya. Maganar ta mutu a ɗaki. Haka ake rufa wa mamaci asiri."

"Idan sun gani me za su yi da su?"

"Su zubar mana."

"A ina, Maame? Bayan gida. Cikin kwata. Yara su ɗauka su yi takobi da su. Akwai guba a ciki."

"Shekara talatin muna zaune ƙarƙashinsu ba wanda ya mutu."

"Ba a fasa su ba ne. Kuma ni za a kai kotu."

"Kawunka ne ya sa ka makaranta," ta ce. "Lokacin da ubanka ya tafi Abidjan ya manta hanyar gida, shi ya ɗauke ka a kafaɗa. Bai taɓa roƙonka komai ba. Yau abu ɗaya yake roƙo, ka yi shiru."

Oduro ya tashi da wannan maganar a ransa. Abin da ya fi damunsa shi ne hanyar mahaifiyarsa mai sauƙi ce, kuma akwai ƙauna a cikinta. Ba sai ya yi komai ba. Ya tsaya kawai ya riƙe ƙofa.

Ya je wurin Nana Ntiamoa ranar Laraba da kwalbar gaisuwa. Tsohon ya saurare shi yana murza gemu, sannan ya yi dariya marar sauti. Ya ce ya raba gado goma sha ɗaya a rayuwarsa, kuma bai taɓa ganin magajin da ya zo ya ce kaya sun yi yawa ba. Kullum sai su ce gona ba ta haihuwa, kullum gida yana yoyo. Ya ce Oduro yaro ne mai hankali, kada ya bari wata mai tabarau ko wata ungozoma ta koya masa wayo. Ranar Lahadi za a buɗe ƙofa.

Ranar Lahadi aka jera kujerun roba a filin da ke tsakanin shago da sito. Dangi suka zo kai tsaye daga coci, cikin zannuwa baƙi da fari, da ƙamshin hoda da turare. Anti Gyamfua ta zo da tasi biyu ta sa suka jira a bakin titi. Akosua ta zauna a inuwa tana fifita da takardar waƙoƙin coci, cikinta a gaba. Afrakoma ta tsaya can baya, don ba ta zama 'yar gida ba tukuna. Maame Pokua ta zauna kusa da Nana, idonta a ƙasa.

Aka yi addu'a, aka zuba wa kakanni nasu. Nana ya miƙa hannu a ba shi makulli.

Oduro ya ba shi. Sannan ya shiga shago ya fito rungume da allon gwaji, da doguwar waya tana jan ƙasa a bayansa. Ya ajiye allon a kan tebur a gaban dattawa.

"Nana, iyayena, ina neman afuwa. Wofa bai taɓa barin fitila ta fita daga gidan nan ba sai an kunna ta a gaban mai ɗauka. Ko guda ɗaya ce. Ni aka ce na tsaya a madadinsa. Ba zan fara da karya masa ƙa'ida ba."

Ba wanda zai iya cewa ƙarya ne, don kowa a wurin ya taɓa tsayawa a gaban allon nan yana jira.

"Ji malamin makaranta," in ji Anti Gyamfua. "Jarrabawa zai yi mana. To ɗana, sai dai ba kai za ka zaɓi kwalin ba. Mu ma mun je makarantar duniya."

"Ki zaɓa, Anti."

Ta shiga da kanta, ta nuna wani kwali a tsakiyar jeri. Aka sauko da shi. Oduro ya ɗora fitila ta farko, ya murɗa ta zauna, ya danna. Ba komai. Ta biyu, ba komai. Ta uku ta yi ɗan ja a baki ɗaya kamar garwashin da ke mutuwa, ta tsaya nan.

"An ɗauke wuta ne," wani ya ce daga baya.

Oduro ya ɗauko sabuwa daga kantar shago ya ɗora. Ta kama nan take, fara tas ko da rana. Ya cire ta, ya ci gaba da na cikin kwalin. Aka gama kwalin, aka kawo wani daga gefen hagu, sannan wani daga saman jeri. Surutun da aka zo da shi ya riƙa raguwa. Fifitar Akosua ta tsaya. Ba abin da ake ji sai ƙarar makunnin, ƙyat, ƙyat, da motocin titi.

Sai Nana Ntiamoa ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya shiga sito a hankali har ƙuryar ƙarshe, inda ba wanda zai ce an shirya masa, ya buga wani kwali na ƙasa da sanda. Sai da aka sauke guda shida kafin a kai gare shi. Tsohon ya zaro fitila da hannunsa, ya duba bakinta. Baƙin bai yi yawa ba. Ya miƙa wa Oduro.

Oduro ya ɗora, ya danna. Fitilar ta yi ƙifta, ta sake, ta yi wata ƙara siririya kamar sauro, sannan ta kama. Haske ya cika ta daga baki zuwa baki.

Wurin ya ɓarke. Anti Gyamfua ta miƙe ta ɗaure zane a ƙugu. "Ga ta nan. Ya jera matattu a gaba ya ɓoye masu rai a baya. Kai, Oduro, ko wata biyu kawunka bai yi a ƙasa ba."

"Na gaya maka," in ji Nana, ba tare da ɗaga murya ba. "Gona ba ta haihuwa."

Oduro ya ƙura wa fitilar ido. Ya san irin wannan fitilar, duk mai aikin wuta ya san ta: wadda ta gaji, take kamawa idan ta huta, ta mutu idan ta yi zafi, har mai ita ya gaji da ƙiftarta ya cire ta. Amma sanin ba hujja ba ne. Wata takan yi minti biyu, wata takan yi yini. Ya waiwaya ya nemi Afrakoma. Ba ta yi masa murmushi ba, ta dai gyaɗa kai sau ɗaya.

"Nana, ku ba ta lokacin da za a sha ruwa," ya ce. "Idan tana ci har aka gama, ku raba, ku kuma cire ni daga gadon a gaban kowa, ku kira ni abin da kuka ga dama."

"Mun riga mun kira ka," in ji Anti Gyamfua.

Nana ya dube shi, sannan ya koma kujerarsa. Aka kawo ruwan leda a faranti. Mutum talatin suka zauna suna tsotsar ruwa suna kallon fitila ɗaya da tsakar rana. Oduro bai taɓa roƙon mutuwar wani abu ba a rayuwarsa, kuma ga shi tsaye yana roƙon hasken da ke ɗauke da sunan mutumin da ya goye shi ya mutu a gaban jama'a. Ya ji ƙyamar kansa. Ya dubi mahaifiyarsa, ya ga leɓunanta suna motsi, ya gane ita ma addu'a take yi, kishiyar tasa. Hasken ya kwanta a fuskarta, ya nuna duk layukan da makoki ya ƙara mata.

Wasu sun gama ruwansu. Anti Gyamfua ta matse ledarta ta jefar, ta buɗe baki za ta yi magana.

Fitilar ta girgiza. Wata inuwa ta riƙa birgima a cikinta daga wannan baki zuwa wancan. Ta ƙifta, ta dawo, ta ƙifta sau uku a jere, ta koma ruwan hoda, sannan ta janye zuwa bakunanta biyu ta zama ɗigo biyu ja. Oduro bai taɓa makunnin ba. Ya bar ta a haka kowa ya gani.

Sai ya faɗi sauran, a taƙaice, idonsa a kan tebur. Ya ce Wofa ya karɓi duk fitilar da aka dawo masa da ita kamar yadda doka ta ce, bai zubar da ko ɗaya a kwata ba. Ya faɗi abin da ke cikinsu da abin da yake yi wa yara da masu ciki. Akosua ta ja kujerarta baya. Ya ce dole su tafi Tema ba fashi, kuma sabbin da ke kan kanta su za a sayar a ɗauki motar. Ya yi ƙoƙari ya sa maganar ta zama yabo ga mamacin. Bai yi nasara ba. Ya ga yadda surukai ke kallon juna, ya ga matar da Wofa ya saka ta rufe baki da gefen zane, kuma ba kuka take ɓoyewa ba.

Nana Ntiamoa ya ajiye makullin a kan tebur kusa da allon. "Babu abin rabo," ya ce. "Abin da ke ciki na magaji ne, shi kaɗai. Ya yi yadda ya ga dama." Ya miƙe, ya gyara zanensa a kafaɗa. "Gaskiya ka faɗa, yaro. Amma da akwai ranar da ba Lahadi ba."

"Na zo ranar Laraba, Nana."

Tsohon ya juya ya kama hanya. Dangi suka bi bayansa biyu-biyu, uku-uku, ba sallama. Anti Gyamfua ta tsaya a bakin titi tana faɗa da direbobin tasi. Kafin rabin sa'a filin ya zama kujeru kawai da ledojin ruwa, da buɗaɗɗun kwalaye a ko'ina, da fitilu kwance a kan tebur da ƙasa inda kowace ƙafa za ta iya taka su.

Afrakoma ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta fara tattara na ƙasa ɗaya-ɗaya. Oduro ya durƙusa zai taya ta, sai ya ga mahaifiyarsa ba ta tafi ba. Tana zaune inda take. Can ta miƙe ta zo gaban allon, ta kashe makunnin, ta kama fitilar ta ƙarshe da hannu biyu.

"Yaya ake cire ta?" ta tambaya, ba ta dube shi ba.

"Ki murɗa ta wajenki, Maame. A hankali. Da zafi."

Ta murɗa, fitilar ta fito. Ta riƙe ta a ƙirji na ɗan lokaci, sannan ta nemi rigarta ta takarda ta zura ta ciki.

"Kira motar taka," ta ce. "Amma ta zo ta layin baya, ba ta gaban kasuwa ba. Kuma a rufe su da tamfol."

"To, Maame."

"Kada ka zo gida cin abinci makon nan. Ba zan iya kallonka ba tukuna."

Ta ajiye fitilar a kwali, ta ja mayafinta, ta fita ta ƙaramar ƙofa. Oduro ya bi ta da ido har ta sha kwana. Sannan Afrakoma ta miƙo masa bakin igiya, ya kama, suka fara ɗaure kwalin farko.